Mako na biyar da ƙaramar Lee-Enfield ta katako

'Yan uwa masu koyon sassaƙa, barkanmu da aiki. Har yanzu ina kan ƙaramar bindigar nan ta ado da na faɗa muku, wadda nake fitarwa daga itacen maɗaci. Kwaikwayo ce ta Lee-Enfield samfurin da ake kira SMLE Mk III, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1907. Ta gaske tsawonta ya kai kusan santimita 113, nauyinta kilo 4, ni kuwa kashi ɗaya cikin uku na ɗauka, wato santimita 38. Ba rami a cikinta, ba abin da ke motsi. A bangon zaure za ta zauna, kusa da hoton kakana wanda ya je yaƙin Bama.

Wannan makon hancin bindigar ne ya ba ni wahala, kuma laifina ne. Hotuna biyu nake dubawa, ashe ɗaya na samfurin No. 4 ne, wanda aka shigo da shi a 1941. Shi wannan bakin ƙarfensa ya leƙo waje ya bar katako a baya. Ita kuwa Mk III katako ya rufe ta har kusan baki, sai wata hular ƙarfe da ta daɗe ƙarshen, hancin ya zama kamar an datse shi. Da wannan hancin ake gane ta tun daga nesa. Ni kuwa na riga na fiƙe nawa da wuƙa kafin in farga. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kwana uku na yi a wurin. Dole na yanke, na ɗora sabon guntu da gam, na ɗaure da zare ya kwana. Yanzu in ka shafa da yatsa za ka ji ɗan tudu a mahaɗin, amma ido ba ya kama shi sosai.

Gidan harsashi bai ba ni matsala ba. Na asali yana cin harsashi 10 masu girman .303, ana cusa su biyar-biyar ta sama. Sakatar kuma, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi cikin bindigar, James Paris Lee ne ya tsara ta, shi ya sa sunansa ya haɗu da na Enfield, inda masana'antar take a lokacin. Mariƙinta yana dab da kunama, hannu ba ya nisa, abin da ya sa bindigar ta yi suna wajen sauri ke nan. Na sassaƙa mariƙin daban na manna.

Saura farantin tagulla na gindi, mai 'yar ƙofar da soja ke ajiye kwalbar mai a ciki. Wanda ya taɓa lanƙwasa tagulla siririya ba ta tsage ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi, ta biyu ke nan ta tsage a hannuna.