Zama goma a hannun mai tausa a Garwa: abin da ya yi aiki da abin da ya ɓata kuɗi

Ni tela ne a Garwa, kuma ciwon teloli ne ya kai ni wurin mai tausa: wuya ya sanƙare, wani ƙullutu ya zauna tsakanin allon kafaɗar dama da ƙashin baya, ƙugu kuma ya riƙe duk sanda na miƙe daga kan keke. Likita ya duba ni, ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, wanda a nan muke ce wa radiyo. Babu karaya, babu wani abin tsoro, sai ya rubuta mini zama goma wurin kine, wato ma'aikacin asibitin da ya karanci tausa da motsa gaɓoɓi. Zama uku na farko kusan a banza suka tafi, kuma laifina ne, don kwanciya kawai na yi na yi shiru kamar buhun gero.

Hannun mai tausa yana jin tsokar da ta ɗaure, amma ba ya jin abin da kake ji. A ranar farko da ya tambaye ni, "Malam, ina ne ke ciwo?", cewa na yi, "Duk bayan ne, Likita." Da wannan amsa sai ya raba minti ashirin ɗinsa a kan bayan gaba ɗaya, kowane wuri ya samu kaɗan, wurin da ke da matsalar bai samu abin kirki ba. Abin da yake bukata shi ne ka ɗora yatsa ɗaya a kan wurin, sannan ka ba shi abu huɗu: tun yaushe ya fara, wane motsi ne ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, kuma wane irin ciwo ne. Na ƙarshen nan shi ya fi muhimmanci, kuma Hausa ba ta rasa kalmominsa ba. Tsami da ɗaurewa galibi na tsoka ne, su tausa ta fi yi wa amfani. Zugi tare da kumburi da zafin wurin alama ce ta sabon rauni ko kumburin ciki, ba a murza shi. Ciwon da ke tsarga daga ɗuwawu zuwa bayan cinya har dunduniya kamar an jona maka wuta, ko yatsu su riƙa mutuwa, wannan jijiya ce aka danne, aikinta daban ne, danna ta da ƙarfi kuma ƙara tsokanar ta ne. A asibitocinmu Faransanci da Fillanci suka fi yawo, to in naka bai kai ka rarrabe waɗannan ba, ka tafi da wanda zai yi maka tafinta a zaman farko. "Yana ciwo" kawai ba ta isa ba a kowane harshe.

Akwai kuma abin da dole ka faɗa ko ba a tambaye ka ba. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko asfirin kullum, tausa mai ƙarfi za ta tara masa jini a ƙarƙashin fata. Mai ciwon suga da ya daɗe, ƙafarsa kan daina jin zafi sosai, sai fitilar gashi, wato jar fitilar da ake ɗumama jiki da ita, ta ƙona shi bai sani ba. Mai sikila, mai hawan jinin da bai daidaita ba, tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, wanda aka yi wa aiki kwanan nan, mace mai ciki, kowannensu da yadda ake bi da shi, wani ma sai likita ya ba da izini.

Wasu ranakun kuma ba a zuwa sam. In kana zazzaɓi, ka ɗaga zaman ka je a gwada jininka, don ciwon jikin zazzaɓin cizon sauro ba na tausa ba ne. Targaɗe ko buguwar da ba ta kwana biyu zuwa uku ba, a bar ta da hutu da sanyi tukuna. Fata mai ƙuraje, maruru, makero ko buɗaɗɗen ciwo, ba a bi ta kai. Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, musamman bayan haihuwa, bayan tiyata, ko bayan doguwar tafiya a zaune, irin a ce ka hau mota daga Garwa zuwa Ngaundere sannan ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Wannan na iya zama gudan jini a jijiya. In aka murza shi ya ɓalle, huhu zai nufa, kuma yana kisa. Haka ciwon bayan da ke hana barci da dare, tare da rama da zazzaɓi da gumin dare: tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma ba baƙo ba ne a yankinmu. In kuwa ciwon baya ya zo da rashin riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja, asibiti ake nufa a ranar.

Shirin zuwa ba shi da yawa. Kada ka ci tuwo ka zo ka kwanta rub da ciki. Ka bar awa ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin abinci mai nauyi da zama. Ka yi wanka, ka zagaya kafin ka hau gado, ka zo da gajeren wando da zane ko tawul naka mai tsabta. Kada ka sha maganin kashe ciwo gab da zuwa, balle tramol, don ciwon shi ne ma'aunin da za a yi aiki da shi. In ka kashe shi, za a danna fiye da kima ba ka ji ba, gobe ka kasa juya wuya. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, zaman safe ya fi, kafin jiki ya bushe da gumi. A azumi na fi ganin amfanin zaman safe mai sauƙi, ko a bari sai bayan buɗa baki da awa biyu, saboda jiri. Ka kuma tambayi kuɗin zama ɗaya, da minti nawa ne, da yadda ake raba mintocin. Inda na je minti 45 ne: 10 a ƙarƙashin jar fitilar gashi, 20 na hannu, 15 na motsa jiki. In wuri ya bar ka da fitila da na'urar lantarki rabin awa, hannu bai taɓa ka ba sai minti biyar, ka yi magana.

Maganar kunya tana hana mutane da yawa zuwa, alhali tana da sauƙi. Tun wurin karɓar lokaci mace ta ce mace take so, namiji ya ce namiji. Wurin da ake aiki a kai kaɗai ake buɗewa, saura a rufe da zane, a kuma ja labule. Duk inda ba ka yarda a taɓa ba ka faɗa tun farko, ba wanda zai ga baƙinka.

Kwanciya ma tana da ƙa'ida. In rub da ciki ne, a sa matashi ƙarƙashin idon sawu, mai ciwon ƙugu kuma a ƙara masa siririn matashi a ƙarƙashin mara don kada bayan ya lotsa. In gadon ba shi da ramin fuska, a naɗe tawul a tokare goshi, don wuyan da ya yi minti ashirin a murɗe gefe guda zai tashi da sabon ciwo. In rigingine ne, matashi ƙarƙashin gwiwoyi. Mai ciki a gefe take kwanciya da matashi tsakanin gwiwoyi.

Sai batun ƙarfin hannu, inda na fi yin kuskure. Mu nan mun ɗauka tausar da ba ta sa ka cije leɓe ba wasa ce, namiji kuma ba ya cewa wayyo. A zama na huɗu mutumin ya tsaya ya ce, "Malam, na ga ka daina numfashi, ga kafaɗarka ta haura kunne. Ni da kai kokawa muke yi." Gaskiyarsa. Tsokar da aka danna har ta wuce abin da za ta iya ɗauka ƙara ɗaurewa take yi don kare kanta, sai a ɓata ƙarfi a kuma bar maka tabo. Ya ba ni ma'auni daga sifili zuwa 10, ya ce mu tsaya a 5 ko 6, kada mu wuce 7. Hanyar ganewa ba tare da lissafi ba: in kana iya jan numfashi a hankali kana magana, daidai ne, in ka riƙe numfashi, ka dunƙule hannu, ko yatsun ƙafarka sun naɗe, ya yi yawa. Akwai ciwo mai daɗi, wanda kake jin an taɓo ainihin wurin, akwai kuma suka ko tsargawa, wanda nan take za ka ce a dakata.

Ga yadda aikin kirki yake tafiya a kan ƙullutu irin nawa. Ba a faɗa masa kai tsaye. Ana fara shafa mai faɗi da tafin hannu na minti uku zuwa biyar har wurin ya yi ɗumi, sannan a murza tsokar kamar ana cuɗa ƙullu, sannan a ɗora babban yatsa a kan ƙullutun a danna a tsaya cik, daƙiƙa 30 zuwa 90. A nan bakinka ke da aiki: "ɗan sama kaɗan, wajen ƙashi, yawwa, nan." Tazarar faɗin yatsa ɗaya ita ce tsakanin samu da rashi. In an dace, za ka ji ciwon yana sauka da kansa alhali hannun bai sassauta ba, wani lokaci ma ka ji yana amsawa a ƙeya ko bayan ido. Kowane fitar numfashi ka saki kafaɗar. A hannu da ƙafa shafar tana tafiya ne zuwa wajen ƙirji. Ba a danna tsakiyar ƙashin baya, ko bayan gwiwa, ko gaban wuya inda jijiyoyin jini ke hawa kai. Murɗe wuyan nan da wasu masu aski ke yi har ya ce ƙas, ban yarda da shi ba ko kyauta ne. Ba kasafai ba, amma yakan yaga jijiyar jini ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Sa yaro ya taka bayan tsoho ma a daina, haƙarƙari ba ya ɗaukar wannan.

Mai kuwa, cokali ɗaya na cin abinci ya ishi baya gaba ɗaya. In ya yi yawa hannu sai santsi, ba ya kama tsoka. Man kaɗanya na da kyau don ba ya gudu, a hunturu dai sai an narkar da shi a tafin hannu. Man riɗi ma ya yi. Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya faɗa kafin a shafa masa man gyaɗa. Man zafi shi ne abin lura: kada a shafa shi sannan a kunna fitilar gashi ko a ɗora kwalbar ruwan zafi, fata za ta ƙone. Bayan an gama a goge man da tawul, in ba haka ba ya haɗu da gumi ya fito maka da ƙurajen zafi.

In an gama kada ka zabura. Ka juya gefe, ka sauko da ƙafafu, ka tura da hannu ka zauna minti ɗaya ko biyu, don jini kan ɗan sauka a ga jiri. Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa biyu ba komai ba ne, tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana rage shi. Wanda ya wuce kwana uku, ko shatar baƙi a fata, yana nufin an yi ƙarfi, a rage a zama na gaba. Ka sha ruwa gwargwadon ƙishirwarka. Zancen cewa tausa tana fitar da dattin jini sai an kora da ruwa, zance ne kawai. Wannan aikin ƙoda da hanta ne. Abin da na tabbatar yana ɓata aikin shi ne hawa bayan babur a hanya mai ramuka nan da nan, ko komawa kan keke a yi ɗinkin awa huɗu a jere. Shi ya sa na mayar da zamana ranar da aiki ya yi sauƙi, kuma ban ƙara sa shi a makon Sallah ba.

Sauƙin da tausa ke bayarwa na kwanaki ne, wani lokaci makonni. Tana sassauta wurin ne don ka samu damar motsa shi, kuma minti 15 ɗin nan na motsa jiki da nake ɗauka cikon lokaci ne, su suka riƙe sauƙin. Uku aka ba ni. Jan haɓa baya kamar mai ƙin abinci, a riƙe daƙiƙa 5, sau 10. Haɗe allunan kafaɗa a baya, shi ma haka. Sai dafa ƙofa da hannu biyu a tura ƙirji gaba, daƙiƙa 30, sau uku. Safe da yamma, da kuma miƙewa daga kan keke duk bayan minti 40. A gida ina sa ƙwallon tanis tsakanin bayana da bango in jingina a kan ƙullutun na minti ɗaya, ba fiye ba. Kine ɗin ne kuma ya tambaye ni shekaruna, da na ce 46 sai ya ce in je a gwada idona. Ashe zura kai nake yi gaba don in ga allura. Tabarau da ƙarin ƙwan fitila a saman keke sun rage wa wuyan nan kaya fiye da yadda na zata.

Don sanin ko kuɗinka na aiki, ka zaɓi ma'auni biyu tun kafin zaman farko, don "na ɗan ji dama" ba ta auna komai. Nawa su ne sallamar salla, wato iya inda fuskata ke kaiwa dama da hagu ba tare da na juya kafaɗa ba, da kuma minti nawa nake yi a kan keke kafin ƙullutun ya fara magana. Daga minti 20 ya koma sama da awa ɗaya a zama na bakwai. Zama biyu a mako muka yi, da kwana biyu ko uku a tsakani don tsamin ya sauka. In ka yi zama huɗu zuwa shida ma'auninka bai motsa ba, ko ciwon ya ƙaru, ko wata sabuwar alama ta fito, kada ka ƙarasa goman don kawai ka riga ka biya. Ka ce wa kine ya rubuta abin da ya gani da abin da ya gwada, ka koma wa likitan da ya turo ka da takardar.