Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Ajin Waya Yake Zama Sana'a

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya inda na ajiye koyarwa a makarantar kuɗi na koma koyar da lissafin kasuwanci ta waya daga Tudun Wada, nan Kaduna. Yau zan ɗan jingine labari in shiga cikin aikin kansa, domin mafi yawan masu tuntuɓata malamai ne da masu sana'ar hannu da suke son buɗe nasu ajin.

Kafin ka ɗauki bidiyo ko ɗaya, ka san matsala guda da za ka warware wa mutum. Ɗalibaina masu shago ne a Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Gumi, da mata masu sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida. Damuwarsu kusan ɗaya ce: ciniki yana tafiya, amma ba su iya raba uwar kuɗi da riba ba, ga bashi a hannun mutane ba a rubuce ba. Saboda haka alkawarin ajin gajere ne, wato bayan mako huɗu za ka riƙe littafin shige da fice, kuma za ka san ribarka ta kowane mako. Wanda ya ce zai koyar da "kasuwanci gaba ɗaya" zai sha wuya wajen samun mai biya, don mutum ba ya ganin kansa a ciki. Hanyar gwaji ita ce aji kyauta na kwana uku a WhatsApp, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka lura da waɗanda suka yi aikin da ka bayar, su ne masu sayenka. Idan mutum 200 suka shiga ba wanda ya turo aiki, to batun ne bai kama su ba, a sake shi tun ba a kashe kuɗi ba.

Wajen ɗauka, murya ta fi hoto muhimmanci. Ɗalibi zai haƙura da hoto mai hazo, amma ba zai haƙura da muryar da ba ya ji ba. Ƙaramar makirufo ta maƙalawa a wuyan riga ta wadatar, a sa ta kamar taƙi ɗaya daga baki. Ɗakin da yake da katifa, labule da kafet ya fi falo mai tayil, saboda tayil da bango tsirara suna mayar da amo. Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar Asuba, kafin babura da injin markaɗe da janareton maƙwabta su tashi. A kashe fanka, a kashe layin waya don kada kira ya katse ɗauka, a fuskanci taga yadda haske zai faɗo a fuska, kada taga ta kasance a bayanka. Darasi ɗaya kada ya wuce minti 7 zuwa 10.

Sai nauyin bidiyo, inda malamai da yawa suke korar ɗalibansu ba su sani ba. Minti 10 da waya ta ɗauka da cikakken ƙyalli yakan kai megabait 600, wani ma ya haura gigabait ɗaya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ɗalibi yana duba nauyin abu kafin ya taɓa shi. Ga kuma ƙaramar waya da ta cika da hotuna. A matse bidiyon da manhaja irin HandBrake a kwamfuta, ko a rage ƙyallinsa a manhajar gyaran bidiyo ta CapCut lokacin fitarwa, ya dawo tsakanin megabait 20 zuwa 40. Bayan matsewa a buɗe shi a ƙaramar waya a tabbatar ana iya karanta lambobin da ke allo. Kowane darasi ina haɗa shi da saƙon murya, wanda minti 10 ɗinsa bai wuce megabait 2 ba, da hoton shafin littafi da aka cike da hannu, don wanda datarsa ta ƙare ya bi aji a haka.

WhatsApp kowa yana da shi, kuma zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, sai dai wanda ya shigo a makare ba ya samun darussan baya a jere, kuma lambar kowa tana bayyane. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga matan aure. Telegram yana ajiye komai a tsare, yana ba da damar ɓoye lamba, kuma akwai inda za a danna a hana turawa ko adana abin da aka saka. Tsarina shi ne darussa a Telegram inda ni kaɗai nake sakawa, tambaya da amsa a WhatsApp, zauren mata daban na maza daban. Ranar farko gaba ɗaya ta koya wa mutane shiga Telegram ce, ba a fara darasi.

Yanzu batun kuɗi, kuma a nan zan daɗe. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutanenmu suka saba da tura kuɗi ta waya, wannan ya sauƙaƙa mana. Amma hoton rasit ba shaida ba ne, ana haɗa na bogi cikin minti biyu, haka ma saƙon tes mai kama da na banki. Sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka sannan ka saka mutum a aji. Matsala ta biyu ta fi wannan yawa, kuma ba ta zamba ba ce. Hajiya ta yi rajista da sunanta, amma kuɗin ya fito daga asusun maigidanta, ko ƙaninta, ko mai POS na bakin layi. Ka ga kuɗi sun shigo sau goma iri ɗaya, ba suna ko ɗaya da ya dace da takardarka. Maganinsa a fara cike fom na Google kafin biya, a ba kowa lambarsa ta rajista, a ce ya rubuta ta a wurin bayanin tura kuɗi. Mai POS yakan manta, don haka fom ɗin ya tambayi sunan wanda zai tura da lokacin da aka tura.

Idan ɗalibai suka haura hamsin, bin wannan da hannu yana cin dare. A nan ne shafukan karɓar kuɗi ta intanet irin Paystack ko Selar suke amfani, mutum ya biya, hanyar shiga aji ta je masa kai tsaye. Paystack yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ba ya karɓar naira 100 ɗin idan kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma cirewar ba ta wuce naira 2,000. A kan naira 10,000 ke nan za a cire 250. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC yana ba ka damar buɗe asusu da sunan makarantarka, kuma mutum ya fi sakin jiki ya tura wa makaranta fiye da sunan wanda bai taɓa gani ba. Wanda ya nemi biya sau biyu a yarda masa, amma rabi kafin farawa, rabi kafin mako na uku, kuma darussan mako na uku su kasance a wani zaure daban.

Farashi kuwa kada a sa shi don tausayi. Ɗauki misalin mutum 60 a kan naira 10,000, dubu 600 ke nan. Cire data, man janareto ko cajin batir, talla a Facebook, ladan mataimaki, da waɗanda za ka mayar wa kuɗinsu. Abin da ya rage ka raba shi da makonnin shiri da na koyarwa, ba mako huɗun aji kaɗai ba. Ajin naira 1,000 yana tara jama'a, amma yawancinsu ba sa buɗe darasi na uku, kuma tambayoyinsu za su cinye lokacin masu himma.

Bidiyonka zai fita, ka sa wannan a ranka tun yau. Ko Telegram ya hana turawa, ana ɗaukar allo da wata wayar. Rubuta sunan makaranta da lambar waya a jikin bidiyon, a tsakiya-tsakiya inda ba za a yanke ba, don wanda ya same shi a ɓagas ya san inda zai neme ka. Abin da ɓarawo ba zai iya kwafa ba shi ne gyaran aiki, kuma shi ne ainihin abin da ake biya. Kowace Alhamis ɗalibi yana ɗaukar hoton shafin littafinsa na gaske ya turo. Sai ka ga wata ta rubuta kuɗin cefane a cikin kuɗin saro kaya, wani ya lissafa kayan da ya bayar bashi a matsayin kuɗin da ya shigo aljihu. Ka zagaye wurin da jan layi, ka yi saƙon murya na minti ɗaya: "Hajiya, wannan dubu huɗun na gida ne, ki kai shi shafin baya, sannan ki sake haɗa jimla." Ita kuma ta dawo da "Malam, ashe ribata ta fi yadda nake zato." Wannan matar ita ce za ta kawo maka ƙawayenta uku a zango na gaba. Shi ya sa nake buɗe aji zango-zango, da ranar farawa da ranar gamawa, ba na barin ƙofa a buɗe kullum. Wanda bai turo aiki ba sau biyu a jere ana kiransa a waya, yawanci za ka tarar waya ce ta lalace ko rashin lafiya a gida.

Ranar buɗe rajista ma tana da lissafi. Kaduna garin ma'aikata ne, kuɗi yana motsi daga ƙarshen wata zuwa makon farko. A kauce wa Satumba da Janairu lokacin kuɗin makarantar yara, da makonni biyu kafin kowace Sallah. Cikin azumi 'yan kasuwa ba su da sukuni, sai a bari bayan Sallah da mako biyu.

Malami ɗaya yana iya gyara aikin mutum 40 zuwa 50 a mako ba tare da ya yi ha'inci ba. Da zarar an wuce haka sai a ɗauko mataimaka daga cikin tsofaffin ɗalibai da suka gama da kyau, kowane ya riƙe mutum 20, a biya shi a kan kowane ɗalibi, kai kuma ka riƙa duba samfurin gyaransa kowane mako. Yadda na zaɓi mataimakana na farko da yarjejeniyar da muka rubuta, shi ne za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.