Kyamarar da ta zauna daidai da ni

Na sauka a Manchester a ƙarshen shekarar 2022, lokacin da sanyi ya kankama, rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Uwargida ce ta riga mu zuwa da takardar aikin jinya, ni da 'yarmu muka bi bayanta. Shan inna ya kama ni ina ɗan shekara uku, ya tafi da ƙafafuna biyu, saboda haka a keke nake zirga-zirga. Gidan haya na farko da muka samu irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da suke jere a manne da juna, kuma akwai matakala biyu a bakin ƙofarsa. Mai ƙafa ba zai ma lura da su ba, amma ni su suka tsare ni a falo kusan wata huɗu, ba na leƙa waje sai ranar da uwargida ba ta da aiki. A Kano da yara biyu na unguwa sun isa su cicciɓe ni da keken su dire a titi, su kuma ƙi karɓar ko sisi. A nan kuwa mutum bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

A wannan zaman ne akwatin talabijin ya zama abokin hirata. Na yi mamaki da na ji cewa a Birtaniya kallon tashoshin ma sai da lasisi, wanda a lokacin kuɗinsa fam 159 ne a shekara, makaho kuma rabin kuɗi yake biya. Niyyata ta farko ita ce kunnena ya saba da Turancin mutanen arewacin Ingila, wanda bai yi kama da wanda malamanmu suka koya mana ba. Sai dai mai sana'a ba ya iya kallo irin na sauran jama'a. Na shafe shekara goma sha ɗaya ina tace finafinan Hausa a wani ɗan situdiyo da ke Zoo Road, don haka ko na so na bi labari, idona yana can yana ƙirga inda aka yanka da inda aka haɗa.

Abin da ya fara tsayar da ni a cikin Coronation Street na gan shi, wato wasan kwaikwayo mai dogon zango da tashar ITV take nunawa tun 1960, wanda labarinsa yake gudana a wata ƙagaggiyar unguwa ta nan yankin Manchester. Akwai wata mata a ciki da ake kira Izzy, wadda Cherylee Houston take fitowa a matsayinta tun 2010, kuma keken da take kai ba aro aka yi mata don wasa ba, da shi take rayuwarta ta yau da kullum. A labarin, tela ce a wata masana'antar ɗinki. Na kalli fitowa ɗaya, na kalli ta biyu, ina jin akwai wani abu da ya saɓa wa abin da na saba gani amma na kasa kama bakin zaren, sai a ta uku na gane cewa ido da ido nake kallonta. An sauke kyamara zuwa tsayin fuskarta. Tana tsakiyar gulma da abokan aikinta, kowacce a zaune gaban keken ɗinkinta, ana yankawa daga bakinta zuwa bakin mai ba ta amsa kamar yadda ake yi wa kowa, kuma babu wanda ya ga dalilin ya nuna mini taya.

Wanda bai taɓa riƙe kyamara ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Mai ɗaukar hoto yakan kafa ƙafar kyamara daidai idonsa yana tsaye, domin nan ne bayansa ba zai yi ciwo ba, alhali idon wanda yake kan keke bai wuce ƙirjin na tsaye ba. Idan ba a sauke ba, dole kyamara ta sunkuyo, mai kallo ya riƙa leƙo tsakiyar kan mutum da cinyoyinsa, jikinsa ya tsuke a cikin allo, ƙasa ta cika bayansa. Bahaushe bai buƙatar a fassara masa ma'anar wannan, tunda mu ne muke tsugunawa mu gaida manya, kuma a fada kowa ya san wanda yake bisa da wanda yake ƙasa ba tare da an faɗa ba. Gurgun da aka ɗauka daga sama ya zama mai gaisuwa ke nan daga farkon fim har ƙarshensa, ko da a labarin shi ne mai gidan.

Wannan ganewa ta zo mini da kunya, domin da hannuna na sha yin akasin abin da nake yabawa. Ina tuna wata fitowa da aka kawo mini ta wani mabaraci a bakin danja. Darakta ya tsaya a bayana ya dafa kujerata ya ce: “Malam edita, ka fara mini da ƙafar, ka bar ta ta ɗan jima, sannan ka hau zuwa fuska. Ka rage gudun hoton, ka sa mana sarewa mai sa kuka.” Haka na yi. Na bar shanyayyiyar ƙafar nan a allo daƙiƙa shida, na hau da hoton a hankali ta kan yagaggen wando har zuwa ƙwaryar bara, daga nan na yanka zuwa fuskar jaruma a cikin mota tana share hawaye. Mutumin bai furta ko kalma ɗaya ba a fim ɗin, kuma a jerin sunaye “gurgu” kawai aka rubuta. Ni da na tace, kekena yana jingine a bakin ƙofar situdiyon, ban ji komai ba a ranar sai daɗin an ce aiki ya yi kyau. Finafinai nawa na tace waɗanda mugu yake ƙarewa da shanyewar ɓarin jiki ko makanta a matsayin sakayya, ana matso da kyamara kan karkataccen bakinsa da yawun da ke dalala? Ban ƙirga ba. Mun ɗauka wa'azi muke yi, ba mu taɓa tambayar kanmu abin da mai irin wannan lalura yake ji ba idan yana zaune cikin iyalinsa ana kallo.

Sirrin aikin tacewa yana cikin hoton da ya biyo baya. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani ɗan fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada haɗa fuskar mutum guda, wadda ba ta nuna komai, da hotuna daban-daban, sai masu kallo suka riƙa ganin yunwa a fuskar idan an haɗa ta da kwanon miya, suka ga baƙin ciki idan an haɗa ta da akwatin gawa. Haka abin yake ga nakasasshe a allo. Idan ya shigo ɗaki aka yanka zuwa fuskar wani yana girgiza kai cikin tausayi, an riga an gaya wa mai kallo abin da zai ji, kuma an ƙwace fitowar daga hannunsa an miƙa wa mai tausayin. Idan kuwa ya shigo aka yanka zuwa abin da shi yake kallo, ko takarda ce a kan tebur ko fuskar wanda yake binsa bashi, to mai kallo ya shiga cikin kansa, ya zama da idonsa yake gani. Na ga irin wannan a Silent Witness na BBC, inda Liz Carr ta fito daga 2013 zuwa 2020 a matsayin ƙwararriyar mai binciken shaidun laifi: sau da yawa daga idonta ake wucewa zuwa abin da take dubawa a na'ura, sannan a dawo kanta tana faɗin abin da ta gano, sauran suna saurare.

Da bazara ta shigo muka koma wani gida na ƙasa marar matakala, na fara fita ni kaɗai, sai na tarar da cewa titi ma yana da nasa salon tacewa. A Kano kallon ƙurilla ake yi mini, daga ƙafa a fara sannan a hau fuska, daidai yadda daraktan nan ya umarta, wani ma har ya miƙo mini naira hamsin ina kan hanyar zuwa aiki. Amma bayan kallon akwai sallama, akwai “sannu Malam”, akwai tsokana da hira. Bature kuwa da idonsa ya faɗa kan keken sai ya yi maza ya ɗauke shi ya kai kan wayarsa ko allon tasha, saboda an tarbiyyantar da shi cewa zura ido rashin ladabi ne. Direban bas zai sauko ya shimfiɗa mini gadar hawa cikin girmamawa, fasinjoji su matsa, amma in yi tafiyar minti arba'in babu wanda ya haɗa ido da ni. Wata rana a wani kanti mai karɓar kuɗi ta karɓi katina daga hannuna, ta juya ta tambayi uwargida ko ina buƙatar leda. Uwargida ta ce mini da Hausa: “Malam, kai ake tambaya, ni 'yar rakiya ce.” Na amsa da Turanci, matar ta yi ta ba da haƙuri har abin ya ba ni tausayi. A gaskiya akwai ranakun da nake kewar kallon Kano, domin wanda ya zura maka ido aƙalla ya yarda kana wurin.

Batun kurame ya fi na guragu wahala a wajen mai tacewa, kuma a nan na ƙaru sosai. Mai maganar hannu jimlarsa tana tsakanin ƙugunsa da goshinsa, hannu da fuska tare suke aiki, saboda haka ɗaukar kusa da muke tinƙaho da ita wajen nuna motsin rai tana yanke masa harshe ne. Haka nan idan yana cikin magana aka yanka zuwa fuskar mai sauraro, kamar yadda muke yi da masu murya domin sautin yana ci gaba a ƙarƙashi, to an datse maganar a tsakiya. Dole a ja kyamara baya, a bar ɗauka ta yi tsawo, edita ya danne hannunsa. Na lura da wannan a fitowar Rose Ayling-Ellis, kurma 'yar wasa da ta fito a EastEnders, wani wasan kwaikwayo mai dogon zango na BBC, daga 2020 zuwa 2022. A wannan wasan dai, a 2020, an yi wani kashi guda da aka dusashe sautinsa aka kuma gutsuttsura rubutun ƙasan allo, domin mai kallo ya ɗanɗana halin wani saurayi a labarin da jinsa ya lalace. Na nemo shi na kalla, kuma ta fuskar sana'a aiki ne na gwaninta. Amma na tuna wani ɗan'uwana kurma da ya yi karatu a makarantar Tudun Maliki, wanda bai taɓa jin sauti ba balle ya yi rashinsa, kuma idan ya haɗu da abokansa hirarsu ta fi ta masu baki armashi. Dusashen sauti labarin mai ji ne da ya rasa jinsa. Duniyar ɗan'uwana sai kyamarar da ta iya tsayawa ta kalli hannu ce za ta nuna ta.

Kada a ɗauka cewa Turawan sun gama gyara gidansu. A 2021 marubucin wasanni Jack Thorne ya tsaya a taron talabijin na Edinburgh ya ce masana'antar ta gaza wa nakasassu, ya kuma yi ƙorafi a kan wuraren ɗaukar fim da mai keke ba ya iya shiga. Har yanzu ina cin karo da wasannin da ake ɗora lafiyayyen jarumi a kan keke, a rage haske, a saki kiɗan piyano, a nuno shi ta bayan gilashin taga ana ruwan sama yana kallon yara suna gudu. Sarewarmu ce dai aka canza mata kaya. Bambancin da na gani shi ne a nan akwai masu tashi su yi magana, kuma gadar da direban bas yake shimfiɗa mini ma ba kyauta aka ba da ita ba, sai da nakasassu suka riƙa ɗaure kansu a jikin motocin bas kafin a yi dokar hana wariya ta 1995.

Yanzu na koma sana'ata a ƙaramin mataki, ina ɗaukar bidiyon suna da walima na 'yan Najeriya mazauna Manchester ina kuma tacewa a gida. Aikin farko da na samu walimar aure ce a wani zaure a Cheetham Hill, kuma da yake ba ni da mataimaki, daga kan kekena na ɗauki komai, kyamara tana daidai idona. Bayan kwana uku da aika musu, uwar amarya ta kira ni a waya. Ta gaisa, ta yi godiya, sannan ta ce: “Amma Malam, me ya sa duk ka ɗauko mu ta ƙasa? Daga haɓa sai ƙofofin hanci, ga Alhaji ka mayar da shi tumbi zalla. Mu ba haka muke ba.” Na ba ta haƙuri, na ce kuskurena ne, na rage mata kuɗi. Washegari na sayi doguwar ƙafar kyamara da ɗan allo da nake ɗorawa a cinyata ina ganin abin da take ɗauka a can sama. A bikin da ya biyo baya 'yata ce ta taya ni ɗaga ta, tana murɗa maƙullin tana tambaya: “Abba, nan ya isa, ko in ƙara?” Na ce ta ƙara kaɗan, ango dogo ne.