Zuwa Ga Mutanen Gida: Dalilin Da Ya Sa Ba Ma Daɗewa In Mun Zo

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na birnin Kano. Ina gaishe ku daga unguwar Bronx a birnin New York, da fatan kowa yana lafiya, ya gida, ya kasuwa, ya haƙuri da mu.

Akwai wata magana da aka faɗa mini a zauren gidanmu a Gwammaja a shekarar 2015, har yau tana raina. Hajiyarmu ce ta kwanta rashin lafiya, na taso daga nan na zo jinya. Da na yi wata biyar da sati biyu sai na ce zan koma, alhali ba ta gama miƙewa ba. Kawu ya kira ni zaure, ya dube ni ya ce, "Yanzu kai dala ta fi maka uwarka?" Na sunkuyar da kai, don yaro ba ya ja da babba. Amma ba dala ce ta kira ni ba, kwanaki nake ƙirgawa. Na san akwai gidaje da yawa a Kano da ake yi wa ɗansu ko 'yarsu irin wannan kallo, shi ya sa nake so in warware muku yadda abin yake.

Na shigo Amurka a 2012 ta hanyar cacar biza, kafin a cire Najeriya daga cikinta. Abin da aka ba ni shi ne katin zama na dindindin, wanda ake ce wa girin kad. Da shi mutum zai yi aiki, ya kama haya, ya sayi gida, ya sa yara makaranta. Amma duk da sunan dindindin, baƙo ne. Ba ya zaɓe, duk shekara 10 sai ya sabunta katin, in ya yi wani laifi ana iya tasa ƙeyarsa, in kuma ya daɗe a waje ana iya cewa ya yi watsi da zamansa. Mu Kanawa mun san zaman iƙama a Saudiyya, inda mutum zai tsufa a Makka, ya haifi 'ya'ya da jikoki, yana nan a baƙonsa. Bambancin nan shi ne akwai ƙofar da doka ta buɗe, mai katin zai iya zama ɗan ƙasa in ya cika sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko lokaci ne. Sai mutum ya kai shekara 18, ya kuma riƙe katin shekara 5, ko shekara 3 in yana zaune da miji ko mata 'yar ƙasa. A cikin shekara biyar ɗin nan dole a ce aƙalla wata 30 ƙafarsa tana cikin Amurka. Ga kuma inda ya shafe ku: tafiya guda in ta wuce wata 6, hukumar shige da fice ta USCIS tana ɗauka cewa zaman ya yanke, sai dai mutum ya kawo hujjar cewa aikinsa da gidansa da iyalinsa suna nan. In ta kai shekara cur, lissafin ya rushe, kusan sai a koma farko. Ranar fita da ranar dawowa duk sai an rubuta su a takardar nema, ga kuma hatimin fasfo yana ba da shaida. To in ɗanku ya zo biki ko jinya ko gaisuwar mutuwa, kuka ga yana duba kalanda, kada ku ce ƙasar Turawa ta ɗauke masa hankali. Igiya ce a ƙafarsa, ku ne ba kwa ganinta.

Sharaɗi na biyu shi ne abin da suke kira kyawun hali, kuma nan ne nake roƙon ku saurare ni da kyau. Suna duba ko mutum yana biyan haraji, ko yana ciyar da 'ya'yansa, ko an taɓa kama shi, ko ya taɓa cewa shi ɗan ƙasa ne alhali bai zama ba, ko ya yi rajistar zaɓe kafin lokacinsa. Namijin da ya zauna a nan tsakanin shekara 18 zuwa 26 ana tambayarsa ko ya yi rajistar da gwamnati ke ajiyewa don ɗaukar soja in buƙata ta taso. Sannan akwai tambaya ƙarara a takardar: ko ka taɓa auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda? A addininmu halal ne, babu mai ja. Amma dokar Amurka ba ta yarda da shi ba, kuma yana hana mutum samun takardar zama ɗan ƙasa. Na ga yadda ake yi: yaro ya zo hutu, gwaggo ta ce ga 'yar wance, a ɗaura kawai a masallacin unguwa, wa zai sani? Hotunan biki suna Facebook, kuɗin cefane suna tafiya duk wata da sunan amarya, ga haihuwa ta biyo baya. Ranar ganawa da jami'in hukumar kuma rantsuwa ake sa mutum ya yi kafin a fara tambayarsa. Ko dai ya faɗi gaskiya a hana shi, ko ya yi ƙarya bisa rantsuwa, wadda in ta tonu ko bayan shekaru ne kotu za ta iya ƙwace takardar. Don Allah kada ku jefa 'ya'yanku tsakanin waɗannan biyun ba tare da kun san nauyin abin ba.

Sauran aikin ba shi da wuyar faɗa. Ana cike fom mai suna N-400, ana iya turawa kwana 90 kafin shekarun su cika. Daga Afrilun 2024 kuɗinsa dala 710 ne ta intanet, 760 a takarda, mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya neman ragi. Sai ɗaukar zanen yatsu, sai ganawa da jami'i. Zai sa ka karanta jimla ɗaya ta Turanci, ka rubuta ɗaya, sannan ya yi maka tambayoyi kan tarihi da tsarin mulkin ƙasar. A lokacina tambaya 100 ake haddacewa, a yi maka 10, ka ci 6. Waɗanda suka nema daga 20 ga Oktoban 2025 kuwa 128 za su karanta, a yi musu har 20, su ci 12. Wanda ya sha haddar allo tun yana yaro wannan ba za ta gagare shi ba. Dattawa ma an sassauta musu: mai shekara 50 da ya riƙe katin shekara 20, ko mai 55 da ya riƙe shekara 15, an ɗauke masa jarrabawar Turanci, zai iya zuwa da tafinta ya amsa tambayoyin da Hausa.

Ranar rantsuwar zama ɗan ƙasa, a 2018, ba zan ɓoye muku ba, kalmomin sun yi mini nauyi, domin a ciki akwai cewa mutum ya janye mubaya'arsa ga wata ƙasa. Na kwana ina tunanin Dala da Goron Dutse da kabarin mahaifina. Sai da na bincika hankalina ya kwanta. Amurka ba ta karɓe koren fasfona ba, kuma sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar wa wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa damar riƙe ƙasa biyu. Da koren fasfon nake sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano har gobe. Masu cewa wane ya sayar da ƙasarsa, ku ji tsoron Allah, ba a sayar da komai ba. Ƙananan 'ya'yana da suke da katin kuma suke hannuna, su ma doka ta mai da su 'yan ƙasa a ranar, ba tare da wata jarrabawa ba.

Ga ƙannena da suke nan ƙasar, waɗanda shekarunsu suka cika amma suna ta jan ƙafa: ku nema. Kun ga yadda aka rufe wa 'yan Najeriya bizar zama a farkon 2020, sai a Janairun 2021 aka buɗe. Iskar siyasa tana juyawa ba sallama. Wanda yake da wata matsala a baya ya fara ganin lauya na gaske, ya guji masu cike fom a bayan shago.

A ƙarshen 2018 ciwon Hajiya ya dawo. Wannan karon na sayi tikitin zuwa kawai, ban sayi na dawowa ba. Wata tara na yi a Gwammaja, ni ke kai ta asibiti, ni ke ba ta magani da asuba, babu kwanan da na ƙirga. A hannuna ta cika a 2019, kuma ina sahun gaba aka sallace ta, kafaɗata da ta Kawu a haɗe. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Ku gaishe mini da mutanen Gwammaja da abokaina na Kantin Kwari.

Wassalam, ɗanku kuma ɗan'uwanku a Bronx.