Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Makonni Shida a Aljihun Tebur

A kashin da ya gabata na tsaya ne a daren da na rubuta jimlar ƙarshe ta littafina na farko, bayan shekara biyu ina fama da shi. Washegari da sassafe na kira tsohon malamina na adabi, na shaida masa cewa a ranar zan tura wa edita rubutun. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "'Yata, idonki bai huce ba tukuna. Abin da ke cikin kanki za ki riƙa gani a takardar, ko da ba shi kika rubuta ba. Ki ajiye shi." Maganar ba ta yi mini daɗi ba, amma na bi ta. Na buga shafukan, na zuba su a aljihun tebur, na yi makonni shida ban leƙa su ba.

Ranar da na fito da su na ɗaukar wa kaina alkawarin cewa ba zan taɓa ko harafi ɗaya ba a karatun farko, domin babu amfanin mutum ya ɓata yini yana gyara jimlar da ke cikin babin da wataƙila zai cire gaba ɗaya. Na samu littafin rubutu, na ware wa kowane babi layi guda, ina rubuta waɗanda suka fito a ciki, da abin da ya faru, da abin da ya canja a labarin saboda shi. A nan ne ɓarakar ta bayyana. Yarinyar da na ba shekara 12 a babi na 3 ta zama 'yar 17 a babi na 8, alhali shekara biyu kacal suka shuɗe a labarin. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya hana ni barci shi ne babi na 11, domin da na zo gurbin abin da ya canja, sai na rasa abin rubutawa. Shi ne babin da na fi ƙauna, na rubuta shi a makon da mahaifina yake kwance ba lafiya, kuma kowace jimla a cikinsa tana tuna mini da zaman jinyar nan. Sai dai mai karatu bai san da wannan ba, abin da zai gani kawai shi ne labari ya tsaya cik na tsawon shafi goma sha biyar. Kwana uku ina kai-kawo kafin na cire shi, na adana a wani fayil daban, kuma har yau yana nan.

Bayan haka ne na koma kan jimloli, ina karantawa da babbar murya, duk inda numfashina ya yanke kafin na kai aya sai in sa alama da jan biro. Na sa kwamfuta ta lalubo mini kalmomin da suka zame mini jiki, ta nuna mini "sai kawai" har sau 214, na bar ƙasa da talatin.

Aikin ƙarshe shi ne ƙa'idojin rubutu, kuma ya fi cin lokaci fiye da yadda na zata. Na tarar da wuraren da gaggawa ta sa na rubuta "baki" a maimakon "baƙi", da "kasa" a maimakon "ƙasa", da inda na haɗe "a kan" ta koma "akan", ma'ana ta sauya. Irin wannan kuskure kwamfuta ba ta kama shi, tunda duka kalmomi ne na gaskiya, dole sai ido ya bi layi-layi. Na kuma tsara takarda guda mai ɗauke da sunayen taurarin labarin, da shekarunsu, da yadda na zaɓi rubuta kowane suna, domin editan ya san abin da na yi da gangan.

Rubutun da ya shiga aljihun tebur da kalmomi 81,000 ya fita hannuna da 72,000. Na tura shi da daren wata Lahadi, hannuna yana rawa. A mako mai zuwa zan kawo muku abin da editan ya dawo mini da shi.