Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Aikin Jinyar Murjani

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya fara yarda in riƙa bin sa gidajen masu kiwon murjani (wata halittar teku mai rai da ke gina ƙashi kamar dutse) da kifin teku a tankin gilashi. Aikinmu kulawa ne da gyara, amma yawanci sai ta ɓaci ake nemanmu.

Akwai wani dattijo da har yau nake tausayinsa. Tun daga bakin ƙofa wari ya tarbe mu. Ruwan ya yi fari fat, murjanin da ya shekara da shekaru yana raino naman jikinsa na saɓulewa, sai farin ƙashi. Maigida ya tsoma yatsa ya zare, ya ce, "Baba, hita ce ta maƙale a kunne." Ruwan da ake so ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26 na ma'aunin Celsius ya haura 32. Zafi irin wannan kan sa murjani ya kori ƙananan ƙwayoyin gansakukan da ke zaune a jikinsa, alhali su ke ba shi abinci da launi. Ga shi ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai. Da halitta ɗaya ta mutu sai ta ruɓe, gubar amoniya ta tashi ta kashe na kusa da ita, haka har tankin ya ƙare.

A hanyar komawa maigida ya ce mini, "Yaro, ƙaramar na'urar da aka daina dubawa ita ce ke cinye tanki." Na kuwa gani da idona. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma idan ruwa ya bi iska gishirin yana nan, don haka da ruwa marar gishiri ake cikowa. To na'urar da ke cikowa da kanta idan ta maƙale, kwarara za ta yi ta yi har gishirin ya salance cikin dare ɗaya. Ɗaukewar wuta ma haka: duhun ba ya kisa, tsayawar famfon da ke juya ruwa ce ke shaƙe kifi.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne gaggawa. Mutum ya sayo kifi, bai killace shi ba ya jefa cikin babban tanki. Cutar fararen ɗigo ta feso wa sauran kifayen, shi kuma a ruɗe ya zuba maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe. Wannan magani na tankin killacewa ne kaɗai. A babban tanki yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjanin kansa, duwatsu kuma su shanye shi su riƙa fitarwa a hankali.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka sake tayar wa dattijon nan da tankinsa daga tushe.