Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Littafin Baba Mai Baƙin Bango

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya a kan yadda aka sa ni makarantar allo a unguwar Aboabo a Kumasi, niyyata yau in ɗora daga nan, amma tun da aka yi sadakar arba'in ɗin Baba zuciyata ta ƙi barin zancensa, to ku yi haƙuri yau nasa za ku ji, don ba yadda za a yi a gane rayuwata ba a san mutumin nan ba.

Baba haifaffen Kumasi ne, mahaifinsa ne ya zo daga Kano ta hanyar Gwanja fataucin goro, ya biyo ta Salaga ya zauna bai koma ba. Shi dai Baba bai san shekarar haihuwarsa ba, in ka tambaye shi sai ya ce lokacin da Nkrumah ya karɓi 'yanci a 1957 yana da aure har da ɗa ɗaya, da wannan muka ƙiyasta ya haura casa'in kafin Allah ya karɓi abinsa. Sana'arsa goro, ita ya gada. Har yanzu ina ganinsa a zaure ya miƙe ƙafa kan buhu yana zaɓe, fari gefe ja gefe, wanda sankara ta taɓa ya jefa a kwano tun bai lalata sauran ba, ya yayyafa ruwa ya jera ganyen fita ya ɗaure huhu tam, bakinsa na motsi da salati. Fatake daga Kano da Sakkwato a gidanmu suke sauka, shi ne maigidansu, shi zai nema musu kaya ya tsaya musu a ciniki.

Yana da amini guda, mu yara Baba na Zariya muke ce masa. Tun yana saurayi ya zo Kumasi, a nan ya yi aure ya haihu ya gina ɗakuna huɗu a Asawase, Tonanci a bakinsa kamar Batone. Kullum bayan la'asar suna tare, ran da ƙungiyar ƙwallon Kotoko ke wasa kuwa ba mai raba su da rediyo.

Sai ga Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta fito da dokar korar baƙi, duk wanda ba shi da takardar zama an ba shi sati biyu ya bar Ghana. Wanda bai ga wannan lokacin ba ba zai gane ba wallahi. Zango ya rikice, loriloli cike da mutane da tabarmi da tukwane, mutum ya yi shekara talatin a unguwa a ce masa baƙo ne, har waɗanda aka haifa a nan hankalinsu bai kwanta ba, shi kansa Baba sai da dattawan unguwa suka tsaya masa. Kuma abin da har gobe yake min ciwo, wasu 'yan uwanmu Musulmi a lokacin suka yi arziki, suna sayen gidajen maƙwabtansu a kuɗin da bai kai na ƙofa ba, sun san mutum ba shi da zaɓi. Na san gidajen, na san jikokinsu, ba zan faɗa ba.

Ana jibi wa'adi zai cika Baba na Zariya ya zo da dare, ina kwance a zaure na yi kamar barci nake. Ya ce, "Malam, gara kai ka saya da wani ya saya, ko nawa ne ka ba ni, gidan da huhunan da suka rage." Baba ya ce, "Haba Alhaji, ni in sayi gidanka? Kawo makullin. Ran da ka dawo ka tarar da abinka, in ba ka dawo ba ɗanka ya zo." Kuɗin mota ma daga aljihunsa ya ba shi.

Washegari ya sayo littafi mai baƙin bango, ya fara rubutu da ajami. Huhun goro kaza an sayar kaza. Kuɗin hayar ɗaki na wata kaza. An gyara kwano da ya yoyo, an cire kaza. Ko sisi bai taɓa ɗauka a matsayin la'ada ba. Kuma da yake ɗan kasuwa ne bai ajiye kuɗin a ƙarƙashin katifa ba, ya ga sidi sai faɗuwa yake, sai ya riƙa juya su a goro yana ƙara ɗaki a gidan, shi ya sa da aka janye takardar sidi hamsin a 1982 mutane suna kuka dukiyar amininsa ba abin da ya same ta. Wasiƙa ta zo sau ɗaya ko biyu ta hannun fatake, daga baya aka zo mana da labarin Baba na Zariya ya rasu. Baba ya yi kuka ranar, ya yi masa sadaka, amma littafin bai rufe ba.

1983 ita ce shekarar da na san wane ne ubana. Fari, gobarar daji ta cinye gonaki, abinci ya ɓace a kasuwa, mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito ana ce masa sarƙar Rawlings. Mma waakye take sayarwa, shinkafa da wake sun gagara, mu takwas a gida. Wata rana ta ce masa, "Malam, ka ranta mana daga kuɗin nan mana, in Allah ya hore ka mayar, yaran nan fa yunwa." Ba ta yi laifi ba, uwa ce. Ya yi shiru can ya ce, "Yanzu ba na Alhaji ba ne, na marayu ne, in na taɓa wa zan roƙa ya yafe min?" Ta yi fushi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Shi kuma ya ɗauki kekensa da rediyon nan da babbar rigarsa ta sallah ya sayar, ya sayo masara. Tun kafin asuba shi ke tashi ya hura mata wuta ya faskara itace ya ɗora mata tukunya, a zamanin da namiji in an gan shi a bakin murhu sai an yi da shi a majalisa, an kuma yi da shi ɗin, bai fasa ba. In an zuba tuwo sai ya ce ya ci a waje, sai daga baya Mma ta gaya min ƙarya yake, goro kawai yake taunawa ya sha ruwa.

A farkon shekarar nan ne gwamnatin Shagari ita ma ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan suka dawo, wasu ta jirgin ruwa zuwa Tema wasu ta Aflao. Cikinsu har da babban ɗan Baba na Zariya. An haife shi a Asawase, ya tafi yana ɗan shekara goma, ya je Legas neman kuɗi, can kuma saboda Hausarsa ta Kumasi ce kowa ɗan Ghana yake ce masa, da abin ya yi zafi sai ya bi ayari. Ya iso gidanmu da riga ɗaya ƙafa duk ta kumbura, shi wurin kwana kawai ya zo nema, bai ma san da wata ajiya ba.

Baba ya bari ya yi wanka ya ci abinci ya huta. Bayan sallar Juma'a ya kira limamin unguwa da dattawa biyu, ya fito da littafin, ya karanta tun daga shafin farko har na ƙarshe, ya ɗauki fiye da awa, liman na cewa ya isa Malam mun yarda, shi yana cewa a'a a bari a ji. Ɗakuna huɗu sun zama bakwai. Ya miƙa makulli da kuɗin da ke hannu, ya ce a rubuta wa uwarsa da ƙannensa a Zariya don a raba yadda shari'a ta ce, kada yaron ya ɗauka nasa ne shi kaɗai.

Wannan yaron shi ne daga baya ya auri yayata, kuma shi ya shiga kabari ya karɓi Baba ranar da muka kai shi maƙabartar Tafo. Yadda aka yi auren, da rigimar da dangin Mma suka tayar a kai, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku sa Baba a addu'a don Allah.